RA'AYINMU: A Karanta Takardar Lauya Daga Ƙasa Zuwa Sama

Da yawa daga cikin 'yan Arewa mazauna Kurmi waɗanda ke da shari'a ko cinikin fili a gida ba su taɓa ganin lauyansu ido da ido ba. Abin da suka gani takarda ce kawai. Wani ƙane ko wani dillali ya aiko da saƙo cewa ya samo lauya a Kaduna ko a Kafanchan, ba a jima ba sai ga takarda, da can ta gidan waya ko ta hannun direban babbar mota, yanzu kuwa hotonta ne ke shigowa ta WhatsApp. A samanta an buga suna da manyan baƙaƙe, ga hoton ma'auni, ga hular gashi irin ta lauyoyi, ga adireshi biyu ko uku har da na Abuja. Mai gadi a Apapa, ko mai sayar da tumatir a Mil 12, ko kofur ɗin 'yan sanda a Fatakwal, ya duba ya ga abin ya cika ido, sai ya aika da kuɗin da ya yi shekara da shekaru yana tarawa.

Abin da muke so masu karatu su riƙe shi ne, sunan ofis da ke saman takarda ba mutum ba ne. Ba ya tsayawa gaban alƙali, ba a kai shi gaban kwamitin ladabtarwa, ba a kuma soke shi daga kundin lauyoyi domin tun farko ba ya ciki. Mutumin yana can ƙasa, wurin da aka sa hannu. In an duba ƙasan ba a ga sunan ɗan Adam ba, to, abin da aka aiko ado ne.

Mun ɗauki Kujama misali ne sabili da yadda cinikin fili ya kankama a wajen. Ita ce hedkwatar Ƙaramar Hukumar Chikun, a kan hanyar da ta fita daga Kaduna ta bi ta Kasuwan Magani da Kachia ta nufi Zonkwa da Kafanchan. Garin Kaduna ya daɗe yana malalowa ta wannan ɓangare. Sabon Tasha ta cika, aka wuce matatar mai da aka buɗe a 1980, aka kai Maraban Rido, yanzu gonakin Gbagyi da ake noma dawa da doya a cikinsu ana yanka su fuloti-fuloti. Masu sayen kuwa ba mazauna Kaduna kaɗai ba ne. Akwai Bajju da Atyap da Ham da Adara da Hausawa da Fulani da ke aikin soja da ɗan sanda da fatauci da ƙwadago a Ikko da Badun da Binin da Anacha, kowa na so ya kafa ɗaki kusa da gida kafin ƙarfi ya ƙare. Tun zamanin da hanyar jirgin ƙasa ta Gabas ta iso Kafanchan a shekarun 1920 mutanen wannan yanki suke gangarowa Kudu neman abinci, suna aika abin da suka samu gida. Mai saye yana nesa da fili, yana nesa da kotu, tsakaninsa da haƙƙinsa babu komai sai takarda mai kai, watau takardar ofis da aka buga suna a samanta, wadda 'yan boko ke ce wa leta-hed.

To, me doka ta ce? Dokar Lauyoyi ta 1975, wadda ta maye gurbin ta 1962, ta faɗa a fili a sashe na 2 cewa ba mai ikon yin aikin lauya a Nijeriya sai wanda sunansa ke cikin kundin da Babban Magatakardan Kotun Ƙoli ke ajiyewa. Ba a shiga kundin nan sai an gama karatun doka a jami'a, an wuce Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda ta fara aiki a Ikko a 1963 take kuma da reshe a Bagauda ta Jihar Kano, sa'an nan manyan sana'ar sun karɓi mutum cikinsu. Kowane lauya yana da lambarsa ta Kotun Ƙoli. Ofis kuwa ba ya zuwa jami'a, ba ya cin jarrabawa, ba shi da wannan lamba.

Bayan dokar akwai Ƙa'idojin Ɗa'ar Aikin Lauya, waɗanda Babbar Majalisar Lauyoyi ke tsarawa ƙarƙashin shugabancin Atoni-Janar na Tarayya. An yi na 2007 a zamanin Cif Bayo Ojo, aka sabunta su a 2023, sababbin suka fara aiki ran 1 ga Janairu, 2024. Ƙa'ida ta 5 ita ce ta sunan ofis. Ta hana lauya ya yi tarayya a aikin lauyanci da wanda ba lauya ba, ko da wane irin attajiri ne. Ta kuma ce lauyan da ke aiki shi kaɗai kada ya sa wa ofishinsa suna irin "Wane, Wane & Co." ko wani suna da zai sa a zaci yana da abokan tarayya alhali kuwa ba shi da su.

A kan wannan guntun baƙaƙe na "& Co." za mu ɗan daɗe, domin ba mu san wata ƙa'ida da ake takewa a bainar jama'a kamar ta ba. Ma'anarsa ita ce "da abokan tarayyarsa". Da can abin ba wasa ba ne. Lokacin da Bode Thomas da Rotimi Williams da Remi Fani-Kayode suka buɗe ofishinsu a Ikko a 1948, wanda aka sani da ofishin tarayya na farko na lauyoyi 'yan ƙasa, sunaye uku aka rubuta kuma mutum uku ne a ciki, kowa ya san fuskar kowannensu. A tarayya irin ta asali, abin da ɗaya ya ɗauka da sunan ofis yana kan wuyan sauran. In ɗaya ya karɓi kuɗinka ya ɓace, akwai waɗanda za ka riƙe. In ɗaya ya kwanta ciwo ko ya rasu, fayil ɗinka bai zama maraya ba. Wannan ne abin da mai kawo shari'a yake saye sa'ad da ya ga "& Co." ya ƙara kuɗi. Yau sai ka hau bene ka tarar da ɗaki ciki ɗaya, da tebur ɗaya, da lauya ɗaya, da yarinya mai buga takarda, amma allon ƙofa ya ce akwai abokan tarayya. Ina suke? Ƙananan lauyoyi da ake biya albashi ma ba abokan tarayya ba ne, ma'aikata ne, gobe suna iya ajiye aiki.

Kada a ɗauka muna ƙasƙantar da lauyan da ke aiki shi kaɗai. Ko kusa. A garuruwa irin Kafanchan da Kachia da Zonkwa irinsu ne ke ɗauke da shari'ar talaka, wasunsu sun fi manyan ofisoshin Abuja sanin kan rigimar gona da ta gado, domin a nan aka haife su, sun san dagaci, sun san iyakar kowane gida. Abin da muke cewa shi ne mai aiki shi kaɗai ya rubuta sunansa shi kaɗai. Babu abin kunya a ciki. Mai kawo shari'a shi zai auna ya ga ko ya yarda da mutum ɗaya, amma fa a bar shi ya auna da gaskiya.

Tun da aka yi sabuwar Dokar Kamfanoni a 2020 an ƙara samun ofisoshi masu rubuta "LLP" a ƙarshen suna. Wannan tarayya ce mai iyaka, watau abokin tarayya ba ya ɗaukar laifin ɗan'uwansa daga aljihunsa. Halal ne a doka, amma ya kamata mai aika kuɗi ya san bambancin. Dokar kamfanonin dai ta wajabta wa duk mai sana'a da sunan da ba nasa na yanka ba ya yi rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, ya kuma riƙa nuna ainihin sunayen masu sana'ar a wasiƙunsa. Saboda haka ofishin da aka raɗa wa suna irin na ado, mai kalmar "Chambers" a ƙarshe, ba laifi ba ne, in dai an bayyana su wane ne a ciki.

Sauran abin da ƙa'ida ta 5 ta ƙunsa ya shafi matattu da alƙalai. An yarda a ci gaba da amfani da sunan abokin tarayya da ya rasu ko ya bar ofis, muddin hakan ba zai yaudari kowa ba. Ashe ke nan sunan tsohon lauyan da mahaifinka ya sani yana iya kasancewa a takarda shekara ashirin bayan an binne shi, don haka a tambaya wa ke zaune a kujerar yanzu. Wanda aka naɗa alƙali kuwa dole a cire sunansa daga sunan ofis, kuma sashe na 292 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana wanda ya taɓa riƙe muƙamin alƙalin babbar kotu ya koma ya tsaya wa wani a gaban kotu. Dalili a fili yake. Duk dillalin da ya nuna maka takarda yana raɗa maka cewa ai mai ofishin nan alƙali ne yanzu, shari'arka ta ƙare tun ba a fara ba, to, ko dai ƙarya yake yi, ko kuwa yana gayyatarka ga abin da zai kai ku duka kurkuku.

Dangane da abin da ake bugawa a takarda da ambulan da ɗan katin gabatar da kai, ƙa'ida ta 40 abu uku ta lissafa: suna da adireshi, sai shaidar ilmi da ta sana'a, sai lambar girma ta ƙasa in mutum yana da ita. Ta 41 ta ce allon da za a kafa a ƙofar ofis ya zama madaidaici, ba mai ƙyale-ƙyale ba. Ta 39 ta yarda da talla mai tsabta, amma ta hana lauya ya yi kirarin yawan shari'un da ya ci, ko girman ofishinsa, ko ya gwada kansa da wasu lauyoyi, ko ya aika 'yan kamasho su jawo masa mutane. Wanda ya buga a takardarsa cewa bai taɓa faɗuwa a shari'ar fili ba ya riga ya gaya maka irin ɗa'arsa. Haka nan baƙaƙen SAN, muƙamin da aka fara ba Rotimi Williams da Nabo Graham-Douglas a 1975, mutum ake ba, ba ofis ba. Ganinsu a saman takarda bai nuna cewa mai muƙamin ne zai buɗe fayil ɗinka ba. Watakila ma bai san da kai ba.

Mai karatu zai ce duk wannan al'amarin lauyoyi ne, su ƙarata can. Ai kuwa ba haka ba ne, kuma Kotun Ƙoli ce da kanta ta nuna haka. A 1967 da 1968 kotun ta karɓi takardun da aka sa wa hannu da sunan ofis, a inda ya tabbata lauya ɗaya ne ke aiki ƙarƙashin sunan kuma ba wanda aka ruɗa. Lauyoyi suka saba, aka yi shekara kusan arba'in ana rufe takardun kotu da "Wane & Co." ba mai cewa uffan. Sai a watan Maris na 2007, a shari'ar Okafor da Nweke, aka kawo takardar roƙo gaban kotun, wurin sa hannu an rubuta "J.H.C. Okolo SAN & Co." Mai Shari'a Walter Onnoghen, wanda daga baya ya zama Alƙalin Alƙalan Nijeriya, shi ya karanta hukuncin. Ya ce doka lauya ta sani, lauya kuwa shi ne mai suna a kundi, wannan suna mai "& Co." a wutsiya ba ya cikin kundi, saboda haka takardar ba ta da rai. Aka yi watsi da ita.

Abin bai tsaya nan ba. A 2011, a shari'ar kamfanin SLB Consortium da NNPC, kamfanin ya riga ya sami hukuncin diyya ta miliyoyin daloli a Babbar Kotun Tarayya, aka yi ta hawa har Kotun Ƙoli, sa'an nan aka waiwaya aka ga takardar da aka buɗe ƙarar da ita tun farko sunan ofis ne a ƙasanta. Kotu ta ce tushe ya ruɓe, duk abin da aka ɗora a kansa ya rushe. Hankalin lauyoyi ya tashi, domin dubban fayil irin wannan suna kwance a kotuna. A 2012 aka zauna da alƙalai bakwai a shari'ar First Bank da Maiwada, wadda ta taso daga Jos, aka gayyaci manyan lauyoyi su ba da shawara, wasu suka roƙi kotu ta janye. Ta ƙi. A 2018, a shari'ar Heritage Bank da Bentworth, ta ɗan sassauta ga takardun da ba su ne mabuɗin ƙara ba, in abokin shari'a ya gani ya yi shiru har aka yi nisa. Lauyoyi suna ta muhawara a kan iyakar wannan sassauci, mu dai ba mu ba kowa shawarar ya jingina gonar gado a kan muhawara ba.

Yanzu a kwatanta da namu. A ce ɗan Kagoro mai aiki a tashar jiragen ruwa ta Apapa yana shari'ar gidan mahaifinsa a Babbar Kotu da ke zama a Kafanchan. Ya yi shekara shida yana aika kuɗin mota da kuɗin zama, ya ɗauki hutu sau uku ya zo ya ba da shaida, dattawan da suka san iyaka biyu sun rasu bayan sun faɗi abin da suka sani. Ya yi nasara. Abokin shari'a ya ɗaukaka ƙara zuwa Kaduna, sabon lauyansa ya buɗe shafin farko ya nuna wa alƙalai wurin sa hannu. Shi ke nan, a koma a sake sabon lale, amma dattawan nan biyu ba za su dawo ba. In kuma shi ne ya faɗi yake son ɗaukaka ƙara, wata uku doka ta ba shi bayan hukuncin ƙarshe. Takardar da aka rufe da sunan ofis ba ta tsayar da agogo, sai ya koma roƙon ƙarin lokaci, da sabon kuɗi.

A ganinmu Kotun Ƙoli ta yi daidai da ta ce sai an san mutumin da ya ɗauki alhakin kowace takarda. Inda muke da ja shi ne wanda bulalar ke sauka a kansa. Lauya ne ya yi sakaci, amma mai ƙara ne ke rasa gida, shi da bai iya karanta Turancin takardar ba balle ya san inda ya kamata a sa hannu. Gaskiya ne sashe na 9 na Dokar Lauyoyi ya ba da damar a nemi diyya daga lauyan da ya yi sakaci, ban da abin da ya shafi yadda ya gudanar da shari'a a gaban alƙali. Amma wane mai tura baro ne a Mil 12 zai ɗauki lauya na biyu ya yi ƙarar na farko? Abin da ya dace shi ne duk sa'ad da aka kori ƙara saboda irin wannan, alƙali ya ɗora kuɗin ɓata lokaci a kan lauyan shi kansa, reshen ƙungiyarsa kuma ya tilasta masa ya sake shigar da ƙarar ba tare da karɓar ko kwabo ba. Wanda ya ci ladan kuturu ai shi ke yi masa aski.

Akwai wani abu da zai taimaki ko da wanda bai yi boko ba, shi ne hatimi. Ƙa'ida ta 10 ta ce lauya ba zai sa hannu ko ya shigar da takardar shari'a ba sai ya manna hatimin da Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya ta amince da shi. Wannan ya haɗa da takardun kotu da yarjejeniyoyi da takardun cinikin fili. An fara aiki da shi sosai a 2015. Ɗan ƙaramin abu ne kamar kan sarki, yana ɗauke da sunan lauya da lambarsa ta Kotun Ƙoli da lokacin da zai daina aiki, kuma ta hannun ƙungiyar ake samunsa. A ƙarshen shekarar, a shari'ar zaɓen gwamnan Kebbi tsakanin Bello Sarkin Yaƙi da Atiku Bagudu, Kotun Ƙoli ta ce takardar da ba hatimi ba ta cika ba amma ba ta mutu ba, ana iya gyarawa a manna daga baya. A 2020 Atoni-Janar Abubakar Malami ya fitar da gyaran da ya cire wannan ƙa'ida, ƙungiyar ta kai ƙara, Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta soke gyaran a 2022. Mun yi murna da haka, domin hatimin nan shi ne abu guda a takardar da talaka zai iya ɗora yatsa a kai ya ce a karanta masa. A duba ko sunan da ke jikinsa shi ne na wanda ya sa hannu. In sun saɓa, an yi aron hatimi ke nan, kuma ƙa'ida ta 3 ta hana lauya ya ba da sunansa haya ga takardar da wanda ba lauya ba ya rubuta.

Masu wannan rubutu kuwa suna nan da yawa. Da can mai rubuta wasiƙa yana zaune a gindin bishiya gaban gidan waya da teburinsa, kowa ya san matsayinsa, ba ya ce wa kansa lauya. Magadansa na yau suna da kwamfuta, cikin minti goma za su ƙirƙiro takarda mai kai da ta fi ta babban lauya kyau. Sashe na 22 na Dokar Lauyoyi ya mai da shi laifi wanda ba lauya ba ya yi shigar lauya, ko ya rubuta takardar cinikin fili ko ta neman izinin rabon gado don a biya shi. Sai dai hukuncin da aka kwafe cikin kundin dokokin tarayya na 2004 bai wuce tarar naira 200 ko ɗaurin shekara biyu ba, wasu laifuffukan ma naira 100. Haba! Kuɗin da ba ya sayen mudun masara shi zai tsorata mai cin dubu ɗari biyar a fuloti guda? Duk gyaran da Majalisar Tarayya za ta yi wa dokar, in bai taɓa wannan ba, bai yi komai ba.

Ko da takardar ta gaske ce, lauyan na gaske ne, a sani cewa yarjejeniyar sayen fili da aka buga a takardar lauya ba ita ce takardar mallaka ba. Dokar Filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna, kuma a Jihar Kaduna hukumar KADGIS, wadda aka kafa zamanin Gwamna Nasir El-Rufa'i, ita ke riƙe da rajistar filaye. Aikin lauyan kirki shi ne ya je can ya bincika kafin a biya, ya aiko da sakamakon binciken a rubuce. Wanda ya ce takardarsa ta isa, ba sai an je ko'ina ba, a yi hattara da shi.

Batun kuɗi gajere ne. Doka ta wajabta wa lauya ya ajiye kuɗin mutane a asusu dabam, kada ya gauraya su da nasa. In takarda ta zo da sunan ofis, amma lambar asusun da aka ce a zuba kuɗin fili ta dillali ce ko ta wani suna na uku, a dakata. A kuma nemi rasit mai sunan lauyan, ko da kuɗin kafin alƙalami ne.

Ta yaya mai zama a Agege ko Sabon Badun ko Shagamu zai tabbatar? Hanya tana nan, ba a dai sanar da mutane ba ne. Ƙa'ida ta 13 ta ce duk lauyan da ya buɗe ofis ya sanar da reshen Ƙungiyar Lauyoyi na yankinsa cikin kwana 30, da sunansa da adireshinsa da ranar da aka shigar da shi kundi, reshen kuma ya ajiye rajista. Ƙungiyar tana da reshe a Kafanchan, da Barnawa a kudancin garin Kaduna, da Kaduna, da Zariya. A aiki mutum amintacce, ba wanda ya kawo lauyan ba, ya je wurin sakataren reshe da cikakken suna da lamba ya tambaya. Daga nan ya taka zuwa adireshin da ke takardar ya ga ko ofis ne ko shagon cajin waya. Wanda ba shi da halin biya ya nemi ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a, wadda aka kafa a 1976. Wanda aka riga aka cuta yana iya rubuta kuka ta hannun shugaban reshe zuwa Kwamitin Ladabtar da Lauyoyi, mai ikon gargaɗi ko dakatarwa ko soke suna daga kundi. Nan ma za a tambaye shi sunan wa yake ƙara, kuma "& Co." ba amsa ba ce.

Muna kira ga sarakunan Hausawa na garuruwan Kudu, da shugabannin ƙungiyoyin ci gaban garuruwan Kudancin Kaduna da ke taro duk wata a Ikko da Fatakwal, su sa wannan a cikin ayyukansu. Kusan kowace ƙungiya tana da ɗa ko 'ya lauya. Ba zai gagara ba a ce kowane memba ya kawo takarda a duba masa ƙasanta kafin ya taɓa asusunsa.

Babban kiran dai ga rassan Ƙungiyar Lauyoyi na Kafanchan da Barnawa yake. Su zaga su dubi allunan 'ya'yansu, wanda ke shi kaɗai ya goge abokan tarayyar da ba su wanzu ba, wanda ya bar sunan alƙali ya cire. Sa'an nan su fitar da jerin lauyoyin yankin da adireshinsu da lambobinsu, da Hausa da Turanci. Lauyoyi suna biyan kuɗin izinin aiki ne kafin ƙarshen watan Maris na kowace shekara, saboda haka ba mu ga abin da zai hana a manna jerin a sakatariyar Chikun da ke Kujama da ƙofar Babbar Kotu a Kafanchan cikin watan Afrilu ba, a kuma aiko mana da kwafe mu buga a wannan shafi.